Bindiga, harsashi da wasan harbi: abin da bidiyon Amurka ba ya faɗa wa ɗan Sakkwato

Wani ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya miƙo min wayarsa bayan sallar isha'i, muna zaune a ƙofar gida. Bidiyon wani Ba'amurke ne a ɗakin ajiyar motarsa, ya jera kwanson harsashi a kan teburi yana sake cika su da hannunsa, yana kuma bayanin irin bindigar da ta fi dacewa da mai koyon harbin allo daga nesa. Yaron ya ce, "Kawu, ni wasan ne ya burge ni, ba faɗa ba. Wace iri ya kamata mutum ya fara da ita?" Na gaskata shi, don na san halinsa. Amma tambayar tasa ta haɗa abubuwa uku da ya kamata a warware su daban-daban: mallakar bindiga, haɗa harsashi a gida, da zaɓen bindigar gasa. A Amurka ukun suna tafiya tare. A Sakkwato kowanne da nasa hukunci, kuma wanda ya ɗauki amsar can ya kawo nan zai iya kwana a gidan yari.

Mutumin da ke cikin bidiyon yana magana ne a ƙarƙashin tsarin mulkin da aka yi wa gyara tun 1791 aka ba ɗan ƙasa haƙƙin riƙe makami. Namu tsarin mulkin na 1999 bai ba da wannan haƙƙi ba. Ya ma sanya makamai da harsasai da abubuwan fashewa cikin jerin al'amuran da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. Ma'ana, majalisar dokokin jihar Sakkwato ba ta da hurumin halatta wa kowa bindiga, gwamna ma haka.

Dokar da ake aiki da ita tsohuwa ce, ta 1959, tun kafin Turawa su miƙa mulki. Ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu: manyan bindigogin yaƙi, masu sarrafa kansu, gurneti, fistol da libarba kowace iri, da bindigogin soja masu awon 7.62 ko 9 na milimita, ko .300 da .303 na inci. Waɗannan sai da lasisin shugaban ƙasa. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, irin su bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, da doguwar bindigar farauta ko wasa wadda awonta bai faɗa cikin na soja ba, da kuma bindigar iska. Lasisinsu yana hannun babban sufeton 'yan sanda. Kashi na uku su ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, wato adaka da danginta, irin ta maharbanmu da ta 'yan bindigar fada da ke barin wuta ranar hawan salla. Al'amarinsu ya rataya ne a kan kwamishinan 'yan sanda na jiha.

A lura da abu biyu a wannan rabo. Bindigar iska, wadda mutane da dama ke ɗauka kayan wasan yara ce, doka ta lissafa ta cikin masu buƙatar lasisi. Sannan bindigar harbin tsuntsu da ke da na'urar ɗora harsashi na gaba, irin wadda ake zuge ta da hannu a harba a jere, an cire ta daga kashi na biyu. Shi ya sa a 2018, zamanin Ibrahim Idris yana babban sufeto, 'yan sanda suka umarci masu irin ta su miƙa, alhali wasunsu na riƙe da takarda.

Ko cikin kashin da ya halatta, lasisi ba haƙƙi ba ne da za ka kai ƙara idan an hana ka. Doka ta ce ba za a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi marar kamun kai, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Takardar tana ɗauke da sunan mutum guda da lambar bindiga guda, kuma ba a gadonta. Wannan ya shafi gidaje da yawa a garin nan. Tsoho ya rasu ya bar mai baki biyu a bayan ƙyaure tun zamanin En'e, 'ya'ya suna ganin ai ta babanmu ce, da takardarta. Takardar ta mutu tare da mai ita. Wanda aka kama da haramtacciya ba lasisi, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 10. Ta kashi na biyu kuwa yana iya kaiwa shekara 5.

Bayan wannan duka, an rufe ƙofar lasisin kanta. A watan Yuni na 2022 gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, har aka yi maganar raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19 na jihar. Kwamishinan 'yan sandan jihar ya fito ya ce dakatar da ba da lasisi na nan daram, babban hafsan tsaro Janar Lucky Irabor kuma ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A 2023 babban sufeto Kayode Egbetokun ya sake nanata cewa an tsayar da ba da sabon lasisi. Sannan a 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai, wadda ta ba cibiyar da ke ƙarƙashin ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa gindin zama. Duk wanda ya ce maka yana da hanya, ka kawo kuɗi ya fito maka da takarda, ka san inda maganar za ta ƙare.

Ba zan wuce nan ba tare da na faɗi abin da ke ci min rai ba. Mutumin Sabon Birni ko Isa ko Goronyo, wanda aka kwashe masa shanu aka sa wa ƙauyensa haraji, idan ya ji ana karanto masa sashe na kaza na dokar 1959, dole ransa ya ɓaci. Ɓarayin daji ba su cika fom ba. Mun ga kisan da aka yi a kasuwar Goronyo a 2021, mun ga yadda aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, har ya rasu a hannunsu a 2024, ga kuma Lakurawa ta wajen Tangaza da Gudu. Wanda bai kwana a daji da iyalinsa ba bai kamata ya yi saurin yi wa waɗannan bayin Allah wa'azi ba. Sai dai mun kuma ga abin da makami ba linzami ya haifar a hannun wasu 'yan sa-kai, inda aka kashe mutane a kasuwa saboda kamanninsu kawai, ramuwar gayya kuma ta faɗa kan talakan da bai ji ba bai gani ba. Kafa rundunar askarawa da gwamnatin Ahmed Aliyu ta yi yunƙuri ne na sa wannan aiki ƙarƙashin rajista da horo da shugabanci. Wannan magana ce ta tsaro, mai nauyi, kuma dabam take da tambayar ɗan yayata. Na kawo ta ne don a nan duk wanda ya ambaci bindiga, da wannan kunnen ake sauraronsa, ko da wasa yake nufi.

Sai batun sake cika harsashi, wanda shi ne ya fi jan hankalin yaron. Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, da ɗan maƙyastin da ke gindinsa, da albarushi, da kan da ke fita ya tafi. Idan an harba, ukun sun tafi, kwanso ya rage, kuma shi ne ya fi tsada. Don haka maharban Amurka ke tsince shi su sake amfani da shi. Wasu don rage kashe kuɗi, amma gwanayen gasa don wani dalili ne dabam: suna son kowane harsashi ya zama daidai da ɗan'uwansa, kuma ya dace da bindigarsu ita kaɗai, domin bindiga biyu daga masana'anta ɗaya ba sa harbi iri ɗaya. A can doka ta yarda mutum ya yi wa kansa, muddin ba sayarwa zai yi ba.

A nan kuwa dokar 1959 ta hana ƙera ko harhaɗa bindiga ko harsashi in ba a ma'ajiyar makamai ta hukuma ko ta soja ba, sai 'yan wurare ƙalilan da ta keɓe da izini. Aikin masana'antu ne irin DICON ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964. Wanda ya zauna a ɗakinsa a Mabera ko Arkilla yana cika kwanso, a idon doka ƙera harsashi yake yi, kuma hukuncinsa yana layi ɗaya da na riƙe haramtacciyar bindiga. Jami'in da ya shigo ya tarar da kwanso da albarushi a gidanka a wannan zamani, ba zai kawo wasan motsa jiki a ransa ba. Zai ɗauka ya kama mai yi wa 'yan daji safara.

Ko da doka ta yi shiru, akwai hatsarin da bidiyo ba ya nunawa. Albarushi iri biyu ne da ba sa musanya. Akwai baƙi na gargajiya mai hayaƙi, wanda adaka ke ci, akwai na zamani marar hayaƙi, wanda matsinsa ya ninka na farko nesa ba kusa ba. Maharbin da ya fasa harsashin zamani ya zuba abin cikinsa a adakar da maƙeri ya yi da bututun ruwa, bam ya ɗora a kafaɗarsa. Ba a rasa tsohon mafarauci mai guntulallen yatsa a ƙauyukanmu, kuma sau da yawa bindigarsa ce ta fashe a hannunsa. Su kansu Turawan da ke wannan aiki suna da ma'auni mai gane bambancin da bai kai ƙwayar gero ba, da littattafan awo da masana'antu suka gwada a ɗakin bincike, duk da haka ana samun fashewa. Ga zafi: albarushi yana ƙara matsi idan ya ɗumama, mu kuwa a watan Afrilu zafin Sakkwato yana haura digiri 40 a inuwa. Awon da ya yi lafiya a garin ƙanƙara ba lalle ya yi lafiya a nan ba. Na ƙarshe ita ce dalma, wadda ake yin kan harsashi da ita. Wanda ke narka ta a tsakar gida yana shaƙar gubarta, yaransa na wasa a ƙurarta. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ɗanɗana wannan a 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum.

Abin da na fi so ɗan yayata ya gane shi ne, wasan da yake sha'awa ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Harbi yana cikin wasannin Olamfik tun na farko da aka yi a Atina a 1896, hukumar da ke kula da shi a duniya kuma tana birnin Munik na Jamus. Ɗaya daga cikin gasannin da aka fi yi a duniya ita ce ta bindigar iska a tazarar mita 10. Babu albarushi a ciki ko kaɗan. Matsattsiyar iska ce ke tura ɗan ƙaramin harsashin dalma mai faɗin milimita 4.5. Da'irar da ake harbi gaba ɗayanta faɗinta milimita 45.5 ne, tsakiyarta mai maki 10 kuwa ɗigo ne na rabin milimita, kamar inda bakin biro ya taɓa takarda. Mutum zai tsaya da ƙafafunsa, ba jingina, ya yi harbi 60. Na'ura ce ke auna maki har zuwa 10.9 a kowane harbi, don haka ƙololuwa 654 ce, kuma gwanayen duniya suna haura 630. A wannan gasa ce Abhinav Bindra ya ciyo wa Indiya zinarenta na farko na mutum ɗaya a Beijin a 2008. Masu bin Facebook za su tuna Baturken nan Yusuf Dikeç, wanda ya ci azurfa a Faris a 2024 da hannu ɗaya a aljihu. Tasa ƙaramar bindigar ma ta iska ce.

Mataki na gaba shi ne mita 50, da bindiga mai awon .22, ana harbi a durƙushe da kwance da tsaye. Harsashinta maƙyastinsa a cikin gefen kwanson yake, idan an harba ya lotse ke nan, don haka ba a sake cika shi. Ka ga duka dogayen bindigogin nan biyu da ake harbin allo da su a Olamfik, babu wadda ke da alaƙa da teburin Ba'amurken nan. Sake cika kwanso sana'ar masu harbin nesa ce, mita 300 zuwa 1000, kuma ɗaya daga cikin awon da suka fi so, .308, shi ne 7.62 ɗin da dokarmu ta lissafa cikin na soja. Yaro zai ji ana yabonta a bidiyo a matsayin ta mai koyo, bai san sunan haramtacciya ake kira masa ba.

To da me ake zaɓen bindigar gasa, a inda doka ta buɗe hanya? Mai koyo yakan fara tambayar ƙarfi da nisa, alhali su ne na ƙarshe a lissafi. Babbar bindiga tana dukan kafaɗa tana kuma kashe kunne, jiki kuwa yana koyon tsoro da wuri. Bayan harbi kaɗan sai mutum ya fara runtse ido yana ƙanƙame jiki kafin ya ja kunama, saitin ya tafi. Wannan ɗabi'a idan ta kama mutum tana da wuyar fita, shi ya sa masu horarwa ke fara ɗalibi da iska ko .22. Abin dubawa na farko shi ne ko ta dace da jikin mai ita: tsawon ƙotarta daga kafaɗa zuwa yatsa, da inda kunci ke kwanciya, har ido ya faɗa kan saiti ba tare da an miƙa wuya ba. Bindigogin gasa ana iya matsar da waɗannan sassa, don ɗan shekara 18 siriri da ƙaton mutum ba za su riƙe abu ɗaya ba. Sai kunama, wadda ake so ta saki a wuri ɗaya kullum, ba ja ba turjiya. Sai nauyi. A gasar mita 10 an ƙayyade kada ta wuce kilo 5.5, kuma gwanaye suna kusantar wannan iyaka da gangan, domin mai nauyi ba ta rawa a hannu kamar marar nauyi. Madubin hangen nesa da ake gani a fina-finai ba a yarda da shi a waɗannan gasa ba, ƴan ramuka biyu ne ake daidaitawa da ido. Kamfanonin da suka yi suna a wannan fanni, irin su Feinwerkbau da Walther da Anschütz, duk na Jamus ne, kuma kayansu na da tsadar da ta fi ƙarfin ɗalibi. Ko a Turai ma yaro ba ya fara saye. Da ta kulob yake koyo shekara da shekaru.

Wannan batu na kulob shi ne abin da muka rasa. A Birtaniya, inda aka hana fistol a 1997 bayan kisan yaran makaranta a Dunblane, wanda ke son bindigar gasa sai ya nuna ƙwaƙƙwaran dalili, kuma zama ɗan kulob da hukuma ta amince da shi shi ne dalilin da aka saba karɓa. A Jafan sai mutum ya shekara 10 da lasisin ta harbin tsuntsu kafin a ba shi doguwa. Ƙasashe ne masu tsauri a kan makami, amma suna fitar da 'yan wasa, saboda sun raba koyon harbi da ajiye bindiga a ƙarƙashin gado. Masar ta karɓi gasar harbi ta duniya a Alƙahira a 2022. Najeriya na da hukumar wasan harbi ta ƙasa, sai dai kusan duk inda ake harbi bisa ƙa'ida a ƙasar nan filin soja ne ko na 'yan sanda, farar hula ba ya kusanta.

Filin mita 10 ɗaki ne kawai mai tsawo, da katanga mai tare harsashi a ƙarshensa. Ana iya gina shi a harabar filin wasa na Giginya ko a jami'a, da izinin 'yan sanda, bindigogin iska na hukuma ne, a kulle a ma'ajiya, kowa ya sa hannu ya karɓa ya sa hannu ya mayar, ba wanda zai fita da ko ɗaya. A ganina wannan ya fi amfani fiye da barin matasa su koyi sha'anin bindiga daga waya. Wanda aka horar a irin wannan wuri, abin da ake fara cusa masa shi ne kowace bindiga a ɗauke ta a matsayin mai harsashi, ba a nuna bakinta ga mutum ko da wasa, yatsa ba ya taɓa kunama sai an shirya, kuma sai ka san abin da ke bayan abin da kake hari. Duk shekara muna jin labarin harbin kuskure a wurin biki ko hawa, yawanci daga hannun wanda ba a taɓa gaya masa waɗannan ba. Ladabin kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, ya kuma umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani.

Kibau ɗin ma su ne na ƙarasa wa yaron da su a daren nan. Garin nan da baka aka kafa shi. A Tafkin Kwatto a 1804 maharban jama'ar Shehu ne suka karya dawakin Gobir masu lifidi. Bindiga ta yaɗu ne daga baya, kuma yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a Brasels a 1890 ta toshe wa wannan yanki na Afirka samun ta zamani, shi ya sa ranar 15 ga Maris 1903, a filin Giginya, mayaƙan Sarkin Musulmi Attahiru suka fuskanci bindiga mai ruwan harsashi da takobi da mashi da kwari da baka. Harbin baka shi ma wasan Olamfik ne a yau, ana yin sa a tazarar mita 70, kuma ba ya cikin kashi ukun nan na dokar 1959. Natsuwar da yake buƙata, da riƙe numfashi, da sakin hannu ba tare da fizga ba, su ne dai waɗanda mai bindigar iska ke koyo.

Yaron ya yi shiru yana juya wayar a hannunsa, sannan ya ce, "Kawu, to wa zai koya min bakan?" Na ce masa akwai wani tsohon maharbi a ƙauyenmu ta wajen Wurno da har yanzu yake ɗaure bakansa da kansa, idan an yi hutu za mu je mu gaishe shi.